Masanin Halayyar 'Yan Makaranta: Aikinsa da Hanyar Koyonsa

Galibinmu in aka tambaye mu aikin da muke so mu yi in mun gama karatu, amsar ba ta wuce likita, ko injiniya, ko lauya, ko soja, ko ma'aikacin banki. Duk ayyuka ne na kirki, ba mai musu. Amma akwai wani aiki da ba a cika ambatonsa ba, alhali kuwa dominmu aka ƙirƙiro shi, watau aikin masanin halayyar 'yan makaranta. Ni dai shi na ƙudura a raina, saboda haka na ga ya kamata in bayyana ko mene ne shi, da inda ya samo asali, da irin karatun da ake yi kafin a kai gare shi, da sharuɗɗan da jami'o'i ke gindayawa.

Mene Ne Aikin?

Kowane aji ba ya rasa yaron da aka yanke wa hukunci cewa daƙiƙi ne. An buga, an sa shi yankan ciyawa, an maimaita masa aji, duk a banza. To, amma dalilan da ke hana yaro gane karatu suna da yawa. Wani idonsa ne ba ya hangen allo daga bayan aji. Wani kunnensa ne ya yi nauyi. Wani kuwa yana da ƙwaƙwalwa sarai, in ka yi masa tambaya da baki ya amsa maka tiryan-tiryan, amma da ya dubi takarda sai haruffa su riƙa rikice masa. Wani mutuwa aka yi masa, ko iyayensa suka rabu, jikinsa yana aji zuciyarsa tana gida. Mu da ke makarantar kwana mun san har da kewar gida da tsoron siniyoyi, waɗanda kan sa ɗan aji ɗaya ya rame kafin hutun farko.

Aikin wannan masani shi ne ya gano wanne ne daga cikin waɗannan ke damun yaro. Yakan zauna a bayan aji ya lura da shi, ya tattauna da malamansa da iyayensa, ya duba littattafansa, sa'an nan ya yi masa gwaje-gwaje na karatu da lissafi da tunani. Daga nan ya rubuta rahoto, ya tsara wa malami yadda zai koyar da yaron, in kuma abin na asibiti ne ya tura shi can. Bayan 'yan makonni ya sake aunawa ya ga ko dabarar ta ci.

Kada a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa irin na asibitin Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato. Wancan likita ne sosai, ya yi makarantar koyon likitanci, shi ke rubuta magani. Masanin halayyar 'yan makaranta ba ya ba da ƙwaya ko allura. Haka nan ya ɗan bambanta da malamin ba da shawara, wanda yawancin aikinsa taimaka wa ɗalibai ne wajen zaɓen darussa da sana'a da warware damuwar yau da kullum. Shi masanin an fi horar da shi kan gwaji da gano musabbabin matsala.

Asalinsa

A ƙasashen Turawa wannan aiki ya tsiro, lokacin da aka tilasta wa kowane yaro shiga makaranta. Da azuzuwa suka cika, sai malamai suka tarar da yaran da ba sa tafiya daidai da sauran. Cikin shekarar 1896 wani malamin Jami'ar Pennsylvania a Amurka, Lightner Witmer, ya buɗe ɗakin duba irin waɗannan yara, bayan wata malama ta kawo masa labarin wani yaro da ya kasa haɗa baƙaƙe. Da aka bincika sai aka ga ashe har da matsalar ido a ciki. A Faransa kuma, Alfred Binet da Théodore Simon suka fito da ma'aunin basirar yara cikin 1905, domin a gane waɗanda ke bukatar taimako na musamman. Hukumar birnin Landan ta ɗauki Cyril Burt wannan aiki cikin 1913, jihar Connecticut ta Amurka kuma ta ɗauki Arnold Gesell cikin 1915.

Amurka ce ta fi ba aikin tsari. Cikin 1969 masu yinsa suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da NASP. Cikin 1975 kuma majalisar ƙasar ta kafa dokar da ta wajabta wa makarantun gwamnati su ilmantar da kowane yaro mai naƙasa kyauta, bayan an auna shi an san bukatarsa. Tun da doka ta ce sai an auna, dole a nemi masu aunawa, sai aikin ya bunƙasa. Ƙungiyar NASP tana ganin bai kamata masani ɗaya ya riƙe fiye da ɗalibai 500 ba, amma a ƙididdigar shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022 kowane ɗaya yana riƙe da sama da 1,000. Ashe ko can ma ba su wadata ba.

Karatun a Amurka

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, digirin farko ba ya isa. Bayan shekara 4 na digirin farko sai mutum ya koma jami'a ya yi karatun gaba da digiri, kuma hanya biyu ce.

Ta farko ita ce digirin ƙwararre, wanda ya ɗara digiri na biyu amma bai kai na dakta ba. Shekara 3 ake yi ba tare da haɗa shi da wani aiki ba, kuma sai an tara kiredit 60 aƙalla. Wannan kiredit ba irin namu na WAEC ba ne. Ma'aunin yawan karatu ne: darasin da ake shiga awa uku a mako har zango ya ƙare shi ne kiredit 3. Ke nan kiredit 60 ya kama kimanin darasi ashirin. Shekara biyu na farko ana aji, ana kuma zuwa makarantu jefi-jefi ana gwada abin da aka koya. Shekara ta uku kuwa gaba ɗayanta koyon aiki ne na awa 1,200, kuma aƙalla awa 600 daga ciki lalle a cikin makaranta za a yi su. In mutum yana aikin awa 40 a mako, mako 30 ke nan. Duk tsawon lokacin nan yana ƙarƙashin wani gogaggen masani, wanda zai riƙa zama da shi kimanin awa biyu kowane mako yana duba aikinsa.

Hanya ta biyu ita ce digirin dakta. Wannan kiredit 90 ne aƙalla, da koyon aiki na awa 1,500, da kundin bincike da mutum zai rubuta ya kāre a gaban malamai. Yakan ci shekara 5 zuwa 6. Mai son koyarwa a jami'a ko yin bincike shi ya fi bukatarsa. Mai son aiki a makaranta kurum, digirin ƙwararre ya ishe shi a yawancin jihohi.

Darussan da ake koya sun haɗa da yadda yaro ke girma daga haihuwa zuwa balaga, da yadda ƙwaƙwalwa ke koyo da mantuwa, da ilmin ƙididdiga, da yadda ake gwaji, da dabarun gyara ɗabi'a, da yadda ake lallashin wanda wani bala'i ya auka wa, da dokokin ilmi, da ladubban aiki. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da ake koya shi ne wanda David Wechsler ya fito da shi cikin 1949, wanda ake ta sabuntawa, ana kuma yi wa yara 'yan shekara 6 zuwa 16.

Bayan an gama, kowace jiha ita ke ba da takardar izinin aiki a makarantunta. Akwai kuma jarrabawar da ake kira Praxis, wadda sai an ci ta ƙungiyar NASP ke ba da takardar shaidarta ta ƙasa. Ita ma takardar ba ta har abada ba ce. Duk shekara 3 ake sabunta ta, kuma sai mutum ya nuna ya yi ƙarin horo na awa 75.

Sharuɗɗan Shiga

Kowace jami'a da nata tsarin, amma akwai abubuwan da kusan duka suke nema.

Na ɗaya, digirin farko. Ba dole ne ya zama na ilmin halayyar ɗan Adam ba, ko da yake masu shi da masu digirin koyarwa sun fi yawa. Wanda ya fito daga wani fanni sau da yawa akan so ya nuna ya taɓa yin darussan share fage, kamar girman yara da ƙididdiga.

Na biyu, sakamako mai kyau. Su can bisa 4.0 suke auna matsakaicin maki, kuma yawanci ba sa son ƙasa da 3.0. Wannan na tsayawa a bakin ƙofa ne kurum, domin masu nema sun fi gurabe yawa.

Na uku, wasiƙun shaida, galibi guda 3, daga malaman da suka koyar da kai ko shugabannin da ka yi aiki a ƙarƙashinsu. Ashe ke nan ɗalibin da malamansa ba su san ko sunansa ba ya cuci kansa.

Na huɗu, takardar da mutum zai rubuta da kansa ya faɗi dalilin da ya sa yake son aikin, da abin da ya taɓa yi da yara, ko koyarwa ce, ko aikin sa kai a gidan marayu ko makarantar kurame da makafi.

Na biyar, ganawa da malaman sashen, ido da ido ko ta intanet. A nan suke duba natsuwar mutum da yadda yake sauraro.

Akwai wata jarrabawa mai suna GRE da a da kusan kowace jami'a ke nema, amma tun daga 2020 da yawa sun daina tilasta ta. Baƙo daga wata ƙasa kuma ana iya neman ya ci jarrabawar Turanci, TOEFL ko IELTS. Yawanci tsakanin Disamba da Fabrairu ake rufe karɓar takardu, a fara karatu wajen Agusta ko Satumba. Kuɗin makaranta yana da tsada ƙwarai, ko da yake wasu ɗalibai kan sami rangwame in suna taya malamai koyarwa ko bincike. Maganar biza kuwa wata ƙofa ce mai zaman kanta.

Yadda Yake a Ingila

A Ingila tun daga 2006 hanya ɗaya ce, digirin dakta na shekara 3. Kafin a ɗauke ka sai kana da digiri a ilmin halayyar ɗan Adam wanda ƙungiyar masana fannin ta Birtaniya ta amince da shi, galibi mai daraja ta biyu babba ko ta ɗaya. Wanda ya karanta wani fanni sai ya yi kwas na sauya layi tukuna. Har wa yau sai ka yi aiki da yara na shekara guda cur aƙalla. Gwamnati tana ɗaukar nauyin wasu gurabe, amma na mazauna ƙasar ne, kuma da sharaɗin in sun gama su yi wa ƙananan hukumomi aiki na wasu shekaru. Ba wanda zai kira kansa da sunan wannan aiki sai ya yi rajista da hukumar HCPC, wadda ta karɓi kula da masu aikin cikin 2009.

Mu Fa a Nan Gida?

A Nijeriya da wuya ka sami makarantar gwamnati mai ma'aikaci da wannan suna. Nauyin ya faɗa kan malaman ba da shawara da malaman ilmi na musamman. Tarihin ba da shawara a makarantunmu ana danganta shi da 1959, lokacin da malaman Kwalejin St. Theresa ta Ibadan suka gayyato ma'aikata daga waje su yi wa 'yan matan da za su fita bayanin sana'o'i. Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen ilmin halayyar ɗan Adam cikin 1964. Ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa ta kafu cikin 1976, sa'an nan Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a sa masu ba da shawara a makarantun gaba da firamare.

Ga matakan da ɗayanmu zai taka. Da farko kiredit 5 a WAEC ko NECO, a zaman da bai wuce biyu ba, ciki har da Turanci. Mai son ilmin halayyar ɗan Adam lalle ya haɗa da lissafi, wasu jami'o'in kuma sukan so bayoloji. Sai jarrabawar JAMB, darasi 4 bisa maki 400. Darussan da za a haɗa sun danganta ga kwas da jami'a, saboda haka a duba littafin bayanin JAMB na shekarar kafin a cika fom. Sai digirin farko na shekara 4, ko a ilmin halayyar ɗan Adam, ko shawara da jagoranci, ko ilmi na musamman. Mai takardar NCE yana iya shiga kai tsaye ya rage shekara. Daga nan bautar ƙasa shekara 1.

Bayan haka sai digiri na biyu, wanda kan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashe sukutum na ilmin halayyar ɗalibai da ba da shawara, ana kuma yin irin wannan karatu a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ibadan. Yawanci akan nemi digirin farko da bai gaza daraja ta biyu ƙarama ba, da takardar gama bautar ƙasa ko ta yafewa, da cikakken sakamako daga tsohuwar jami'a, da wasiƙun shaida. Wanda digirinsa ba na koyarwa ba ne sai ya fara yin babbar difloma ta koyarwa, watau PGDE. Mai koyarwa kuma yana bukatar rajista da hukumar malamai ta TRCN. In an haɗa lissafi, shekara 7 ke nan ko kusa da haka bayan sakandare, daidai da gajeriyar hanyar Amurka. Wanda ya gama sakandare yana da shekara 17, in komai ya tafi daidai, zai kammala yana da wajen 24.

Me Ya Sa Karatun Ya Yi Tsawo Haka?

Wani zai ce, don sauraron yara kawai sai an yi shekara bakwai? Amsa ita ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Rahoton wannan masani yana iya sauya rayuwar yaro ɗungum. In ya rubuta cewa yaro mai raunin basira ne alhali kunnensa ne ba ya ji, ya rufe masa ƙofar da da wuya ta sake buɗewa. Abin ya taɓa faruwa. Cikin 1979 wata kotun tarayya a Kalifoniya ta hana amfani da gwajin basira wajen tura yara baƙar fata azuzuwan masu raunin ƙwaƙwalwa, domin ta ga ana tura su fiye da ƙima.

Wannan darasi ne babba gare mu. Gwajin da aka tsara da Turanci domin yaran Landan, in ka ɗauko shi ka yi wa yaron da ya tashi da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, Turancinsa ka auna, ba basirarsa ba. Yaron da zai ƙirga shanu hamsin da kallo ɗaya ya gane wadda ta ɓata, ko ya riƙe cinikin rumfar ubansa a ka, yana iya faɗuwa don an tambaye shi abin da bai taɓa gani ba. Gyara gwaji ya dace da harshenmu da al'adarmu sai wanda ya iya ƙididdiga, ya kuma san mutanen. Wannan aiki mu yake jira. Bugu da ƙari, muna da yaran da rikici ya raba da garuruwansu, da waɗanda suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, an kuwa zuba su aji ɗaya da kowa ana jiran su ci jarrabawa.

Shawara ga 'Yan'uwa da Iyaye

Ga 'yan'uwana masu sha'awa, shiri daga yanzu yake farawa. Kada a yi wasa da lissafi, don ƙididdiga tana nan tana jira a jami'a. A dage da Turanci saboda rubuta rahoto, a kuma riƙe Hausa da kyau, don da ita za ka yi wa tsohuwa bayanin abin da ke damun jikanta. In an yi hutu a taya ƙanne karatu, a lura da inda kowanne ke tuntuɓe. A koyi riƙe sirri, gama ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma wanda ya saba kwashe zancen abokinsa ya kai ɗakin kwana ba zai iya wannan aiki ba. 'Yan'uwanmu mata su ma su shigo, domin akwai damuwar da yarinya ba za ta faɗa wa namiji ba.

Ba zan ɓoye ba, aikin ba na tara dukiya ba ne, kuma wanda ya karanta shi a nan gida mai yiwuwa da koyarwa zai fara, ko a ma'aikatar ilmi, ko makarantar masu bukata ta musamman, ko ƙungiyoyin agaji. Hanyar tana da nisa, amma sannu ba ta hana zuwa.

Ga iyayenmu kuwa roƙona biyu ne. In ɗanku ko 'yarku ta ce wannan fanni take so, kada ku ce karatun mahaukata ne, ku ba ta goyon baya. In kuma kati ya zo da ja, kafin a ɗauki bulala a tambayi yaro ko yana ganin allo, ko yana jin malam, ko akwai mai takura masa. A kai shi a duba idonsa da kunnensa, a zo makaranta a ga malamin ba da shawara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, matsalar karatu ma tun tana ƙarama ta fi sauƙin gyara.